Ɗan Fashi Ba Jarumi Ba Ne

Da na je hutu garinmu Rogo, na tarar da ƙanena da bindigar kara, wai shi ne Buharin Daji, wanda yara ke cewa harsashi ba ya kama shi. Na ce, "Kai yaro, ai yaronsa Dogo Gide ya kashe shi a 2018. Billy the Kid na Amurka ma an harbe shi a 1881, yana ɗan shekara 21."

Baba yana jinmu, bai tanka ba. Bara ɓarayi suka kore masa shanun huɗa biyu, sai da ya ciwo bashi a Karaye kafin na koma makaranta.

'Yan'uwana ɗalibai, mai yabon ɗan fashi bai taɓa wayar gari turkensa wayam ba. Allah ya kiyashe mu, amin.