Furen Rana da Abokan Gabansa

Akwai wani ɗan tsiro da ake shukawa a bakin hanyoyin makaranta da gindin tuta don ya rufe ƙasa. Masana na kiransa fotulaka. Ɗan'uwan fasa-ƙaba ne, wanda ke fitowa a gonaki da damina, amma shi asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, wajen Ajantina da Barazil. Ba ya tashi sama, sai dai ya yaɗu kamar tabarma. Furensa ja ne, ko rawaya, ko fari, ba ya kuwa buɗewa sai rana ta ɗaga. Inda ya kama, iska ba ta tayar da ƙura, ruwan sama kuma ba ya zaizaye ƙasa. Inda ya mutu, sai fili ya koma fako.

Abin mamaki, mai ƙwazo ya fi malalaci kashe shi. Ganyensa da jikinsa cike suke da ruwa, gama tsiron ƙasa mai rairayi ne. In yaro ya ga ya yi yaushi, sai ya ce ƙishirwa ce, ya ɗauko bokiti. Gobe ma haka. Ashe ruwan ne ya kwanta a gindinsa, fumfuna ta shiga saiwar, ta ruɓe. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan ruwa, shi ya sa ganyen ya yi yaushi. Don haka mai lambu na kirki yakan fara tura yatsa cikin ƙasa. In ya ji danshi, ba ya ƙara ko ɗigo. In ya tarar kara ya yi baƙi, ya yi laushi, sai ya tumɓuke shi ya ƙone, gama wannan ba ya warkewa. Sa'an nan ya gauraya rairayi a gurbin, ya karyo reshe mai lafiya ya dasa. Ba da daɗewa ba zai yi saiwa.

Abokin gaba na biyu shi ne ƙwaron darɓa, irin wanda manoma suka sani a jikin dawa. Ƙanƙane ne ƙwarai, yakan taru a kan toho yana tsotse ruwan tsiro. Macen ba ta jiran namiji, 'ya'ya take haifa da ransu, cikin kamar mako guda su ma su soma haihuwa. Tururuwa ce ke tona asirinsu, domin tana bin zaƙin da suke fitarwa. In aka ga jerin tururuwa na hawa fure, to, a duba.

Maganinsu ba shi da tsada. Ana kaɗa sabulu kaɗan a ruwa, ko a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da maraice don kada rana ta ƙone ganyen. Bayan 'yan kwanaki a maimaita. A dā mutane sun dogara ga wata guba wai ita DDT, har aka gane ɓarnarta ga tsuntsaye da kifi, Amurka ta hana amfani da ita a gona a 1972. Guba mai ƙarfi takan kashe har da ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi, alhali kuwa shi darɓa ce abincinsa.

Ita kuwa akuyar maƙwabta, ba sabulu ba darbejiya, sai shinge.