Kokawar Akwatin Talabijin da Zumuncin 'Yan'uwa Biyu

A unguwar Sabo ta Ibadan akwai wani tela wanda ya yi shekara shida ba ya ga maciji da wansa, saboda rigimar gidan da mahaifinsu ya rasu ya bar musu. Dattawan unguwa sun shiga tsakani har sun gaji. Ko ranar Salla, in sun haɗu a masallacin idi, kowa sai ya kau da kai.

Ran nan telan yana kwashe kaya daga tsohon ɗakin mahaifiyarsu, sai ya ci karo da wata baƙar na'ura a ƙasan akwati, an naɗe ta cikin zane. Ashe Sega Mega Drive ce, watau na'urar wasan nan da kamfanin Sega na ƙasar Japan ya fitar a 1988, wadda ake haɗawa da talabijin. Kaset ɗaya ne a bakinta, na wasan kokawar Amurka mai suna WWF Royal Rumble, wanda ya fito a 1993. Wan nasa ne ya sayo ta, ta hannu, da kuɗin ɗinkinsa na farko.

Wanda bai ga zamanin ba zai yi mamakin abin da ya sa yara ke hana idonsu barci a kan wannan wasa. 'Yan kokawa goma sha biyu ne kacal a ciki, kamar su Hulk Hogan da Randy Savage da Bret Hart da Razor Ramon da Undertaker, hotunansu kuwa ba su fi tsawon ɗan yatsa ba. Abin riƙewa a hannu yana da maɓallai uku na kai hari. Idan 'yan kokawa biyu suka sarƙe, sai wani ma'auni ya bayyana a bisa kawunansu, kowa ya dinga danna maɓalli iyakar ƙarfinsa, wanda ya fi sauri shi ke ɗaga abokin karawarsa ya fyaɗa da ƙasa. In aka bangaje alkalin wasa ya faɗi, to, doka ta kau, sai shaƙe wuya da tsone ido har ya farfaɗo. A babbar gasar kuma mutum shida ke cika fage a lokaci guda, wanda duk aka jefa ta saman igiya ya fita ke nan.

Wan kullum Undertaker yake ɗauka, ƙanen kuwa Bret Hart. Kusan kullum ƙanen ke shan ƙasa, ya tashi da kuka da bororo a babban yatsa. Amma in mahaifinsu ya fito da bulala saboda an kira magariba suna zaune, wan ne ke tsayawa ya ce shi ya kunna. In an ɗauke wuta ana tsakiyar kokawa, wan sai ya ce kunnen doki aka yi, ko da saura ƙiris ya ci.

Telan ya hura bakin kaset ɗin kamar yadda suka saba, ya nemo tsohuwar talabijin a wurin wani mai gyara, ya haɗa. Da sunayen suka bayyana sai jikinsa ya yi sanyi, gama da yawa daga masu su sun riga sun bar duniya. Randy Savage ya mutu a 2011, Razor Ramon, wanda ainihin sunansa Scott Hall, a 2022, Hulk Hogan kuma a 2025. Shi kansa kamfanin kokawar ya sake suna ya koma WWE tun 2002. Ya ɗauki abin riƙewa ɗaya, ɗayan yana ajiye a kan tabarma. Ya yi kokawa biyu da na'ura, ya ci duka, amma bai ji daɗin kome ba. Ya kashe.

Bayan la'asar ya sa kayan a buhu, ya nufi shagon wansa. Ya yi sallama, aka amsa a daƙile. Ya buɗe buhun bai ce uffan ba. Wan ya daɗe yana kallon na'urar, sa'an nan ya ce, "A ina ka samo wannan?"

"A akwatin Inna, Yaya. Ita ta adana."

Suka haɗa a talabijin ɗin shago, yaran shago suka kewaye su suna dariyar ƙananan hotuna. Undertaker da Bret Hart suka sarƙe, ma'auni ya bayyana. A nan ƙanen ya lura yatsun wansa sun yi nauyi, ba sa bin maɓalli kamar dā, ga furfura ta cika masa gemu. Ma'aunin ya karkato wajensa, sai ya sassauta hannu.

Wan ya ɗago ya harare shi, ya ce, "Kada ka raga mini, yaro. Danna!"

Ya danna, ya kada shi. Wan ya yi dariya har da hawaye, ya ce a sake.

Maganar gida dai ba a taɓa ta ba a ranar, tana nan inda take. Amma da ƙanen zai tafi, wan ya ce ya bar na'urar a shago, ya dawo ran Juma'a bayan masallaci, ya zo da takardun gidan. Allah ya daidaita tsakaninsu, ya jiƙan magabata.