Hoce da miyar sure a Karakkai

Malam, ka san hanyar Gusau ba a yi mata sammako, ba a kuma bari dare ya yi. Sai da rana ta fito muka bar Zariya, muka bi ta Giwa da Funtuwa, daga 'Yankara muka shiga ƙasar Zamfara. A Tsafe aka tsaya shan ruwa. Yara suka yanyame motar da tire, a kan wasu har da wani abu ja-ja mai faɗin tafin hannu. Na tambayi na kusa da ni, ya ce hoce ke nan. Sunan na sha ji a bakin masu tsokanar Zamfarawa, amma ido bai taɓa gani ba.

Muka wuce dutsen Kwatarkwashi, muka sauka Gusau. Daga can abokina ya ɗauke ni a babur zuwa garinsu Karakkai, a ƙaramar hukumar Bunguɗu.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Kowane magidanci na layin ya sa aka fito da kwanonsa, aka jera, ana buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Ciyayya ke nan, wadda a unguwarmu ta zama labari. Ba mai magana sai an suɗe kwano, kuma yaro ba ya taɓa nama sai babba ya tsaga ya miƙa masa.

Da safe na shiga gaida mahaifiyar abokina. Shi ne ɗanta na fari, don haka ko kallonsa ba ta yi ba, balle ta ambaci sunansa. Ni ta tambaya ko "wancan" ya kula da ni. Tana gaban murhu tana mulmula ƙullin dawa da ya kwana ya yi tsami, tana mannawa a jikin tukunya mai zafi har bayansa ya gasu ya yi ɓawo. Ta gutsuttsura mini hoce biyu a kwano, ta kwarara miyar sure, wato yakuwa, ta ɗiga man gyaɗa.

"Mi kaka jira, ɗana? Ci tun da zahi."

Tsami kan tsami! Loma ta farko ta kama mini muƙamuƙi, ta uku kuwa hannu ya saba. Yaran gidan nasu daban ne: marmashe shi suke yi da garin ƙuli da albasa.

Na ce, "Inna, me ya sa ba a rabuwa da shi?" Ta ce mai zuwa gona tun safe, ko mai doguwar tafiya, yana jefa shi a aljihu ya kwana biyu bai lalace ba, in ya sha ruwa a kai ya wuni bai nemi komai ba. Ranar na bi su abokina gona, har la'asar ban ji yunwa ba.

Don Allah in ka sake jin ana yi wa hoce dariya, ka tambayi mai dariyar ko ya taɓa ci.