Ruwan da ke Shiga ta Gilashin Gaba

Mai tsohuwar mota ba ya sanin halin robar da ke riƙe da gilashin gaba sai damina ta sauka. Zafin Afrilu da Mayu, wanda kan wuce digiri 40 a Maraɗi, shi ke busar da robar har ta tsattsage. Ruwan farko kuwa shi ke tona asiri.

Haka ya faru da wani direba mai Peugeot 504, wanda ke jigila tsakanin Maraɗi da Madarunfa. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. Da ruwa ya fara ɗiga bisa gwiwar fasinjan gaba, sai ya cusa tsumma. Sa'an nan ya sayi silikon a kasuwa, ya shafe bakin gilashin. Ɗigon ya tsaya mako biyu. Amma irin silikon nan mai warin tsami yana cin ƙarfe, ya kuma kulle ruwa a ƙarƙashin roba, tsatsa ta sami wurin zama. Wata rana da dare ruwan ya bi ta ciki ya jiƙa wayoyi, fitilu suka mutu a tsakiyar hanya, ga mutum bakwai a mota.

Bakanike na farko ko leƙawa bai yi ba, ya ce sai sabon gilashi. Kuɗin da ya yanka ya kai abin da motar ke kawowa a wata guda. Na biyu dattijo ne. Ya zaunar da direban a ciki, ya sa yaronsa ya riƙa zuba ruwa da buta, daga ƙasan gilashin zuwa sama, kaɗan kaɗan. Mai karatu ya lura da wannan, gama in an fara daga sama ruwan zai malale ko'ina, ba mai gane ƙofarsa. A kusurwar ƙasa ta dama ɗigon ya fito. Ramukan da ke fitar da ruwa a gindin gilashin kuma ganyen dogon yaro ya toshe su.

Dattijon ya ce, "Maigida, gilashinka lafiyarsa lau. Roba ce ta mutu, ƙarfen ƙarƙashinta ya huje. Amma mu yi magana tun yanzu: tsohon gilashi yakan fashe wajen cirewa. In ya fashe, wa zai biya?"

Suka daidaita a kan rabi da rabi. Aka cire shi lafiya, aka kankare tsatsa, mai walda ya cike hujin, aka yi fenti, aka mayar da gilashin cikin sabuwar roba da igiya. Da ƙaramar sabuwar mota ce, wadda ake manne gilashinta da gam, da sai an yanke shi da waya, kuɗin kuma ya fi haka.

Walda ta ci fiye da roba. Motar ta kwana uku ba ta fita tasha ba, kuɗin kuwa daga adashen matarsa ya fito, wanda ta tanada domin littattafan yara na watan Oktoba.