Sana'ar Mariƙin Makulli

Mariƙin makulli ƙaramin abu ne. Zobe ne na ƙarfe da ɗan ado a jikinsa, tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba. Duk da ƙanƙantarsa, shi ne sana'ata tun ina aji huɗu na sakandare a Minna, kuma da kuɗinsa nake sayen littattafai da sabulu ba tare da na miƙa wa mahaifina hannu ba. Da duwatsun ado nake yin sa, ina sayar wa masu neman abin kyauta a lokacin bukukuwa.

A wurin Gwaggo na koya. Ita jigida da sarƙar wuya take yi wa amare, ni kuwa na ɗauki hanyar da ba ta bukatar jari mai yawa. Duwatsun da nake aiki da su iri biyu ne. Akwai ƙanana, waɗanda Gwaggo take kira tsakiya. Daga ƙasashen waje ake shigo da su, ana sayar da su a cikin 'yan ledoji, kowane launi da ledarsa. Akwai kuma manya, waɗanda ake kawo mini daga Bida. A unguwar Masaga ta garin Bida, Nufawa sun daɗe suna narka kwalabe a cikin wuta, su naɗe narkakken gilashin a jikin sandar ƙarfe, ya zama dutsen ado. Da yake aikin hannu ne, ba za ka sami guda biyu da suka yi daidai da juna ba. Sun fi tsakiya tsada, amma kowane mariƙi da na yi sai na sa masa guda ɗaya a ƙarshensa, domin shi ne yake ba shi nauyi a hannu.

Kayan aikin ba su da yawa: almakashi, da faranti, da zoben ƙarfe, da zaren roba irin na masunta. Nakan shimfiɗa tsumma a kan farantin kafin in zuba duwatsu, don kada su gangara su bi ƙasa. Daga nan sai in ruɓanya zaren biyu, in ɗaure shi a jikin zoben, in fara zura duwatsu ina ƙirgawa. Mariƙi mai layi ɗaya yana cin minti 15. Mai siffar tauraro ko jinjirin wata yakan kai minti 40, saboda bakin zaren biyu suna gittawa ta cikin dutse ɗaya sau da yawa, kuma in aka tsallake dutse guda sai siffar ta karkace.

Inda aikin yake shi ne ƙulli. Sarƙar wuya a hankali ake ɗaura ta, a hankali ake cire ta. Makulli kuwa ba a lallaɓa shi. Ana cusa shi a aljihu, ana jefa shi a kan tebur, yaro ya ɗauka ya ja, mai babur ya bar shi yana lilo a rana da ruwan sama. Saboda haka nakan yi ƙulli uku, in mayar da bakin zaren cikin duwatsu, sannan in ja mariƙin da ƙarfi kafin in ajiye shi. Gara ya tsinke a hannuna da ya tsinke a hannun wanda aka yi wa kyauta.

Mai wannan sana'a dole ne ya san kalanda. Kirsimeti ranarsa ba ta sauyawa, 25 ga Disamba ce, don haka tun watan Nuwamba nake tara ja da kore da fari. Ranar 1 ga Oktoba ma haka take, 'yan makaranta suna neman kore da fari irin na tutar Nijeriya. Sallah kuwa da wata take tafiya, kowace shekara tana matsowa da kimanin kwana 11. A watan azumi nake yin na Ƙaramar Sallah, yawanci da hantsi, lokacin da ido yake gani sosai kuma jiki bai yi la'asar ba. Abin tsoro a nan shi ne kwantai. Mariƙin da aka rubuta wa "Barka da Sallah" ba ya da mai saye bayan kwana uku da saukowa daga Idi. Shi ya sa na fi son in nuna bikin da launi ko da siffa, ba da rubutu ba. Tauraro yana shiga Sallah, yana shiga Kirsimeti, kuma ba wanda zai ji kunyar riƙe shi a watan Maris.

Rubutun da ba ya kwantai shi ne suna. Akwai duwatsu masu haruffa, kuma masu saye suna son su ƙwarai. Sai dai waɗanda suke yin su ba su yi tunanin sunayenmu ba. Harafin A shi yake fara ƙarewa, domin Salamatu kaɗai tana cin guda uku, alhali Q da X suna nan jibge a gindin gwangwani. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, haka kuma babu haruffa masu ɗigo a ƙasa na Yarbanci da na Ibo. In an ce in rubuta Ɗanjuma, sai in ɗauki D, in ƙara masa lanƙwasa da siririn alƙalami mai tawadar da ba ta gogewa. Wasu ba su damu ba. Ni na damu, domin sunan mutum ya cancanci a rubuta shi daidai.

Wajen ciniki nakan sha tambaya ɗaya: me ya sa nawa ya fi na kanti tsada? Gaskiya ne, na roba da ake yi da inji ya fi araha, kuma ba zan iya gasa da shi a farashi ba. Nakan kasa kuɗin mariƙi kashi uku: kuɗin kaya, da ladan lokacina, da abin da zan mayar cikin jari. Kashi na biyun ne mutane suke so a yafe musu, musamman dangi, kamar dai zaman minti 40 da sunkuyar da kai ba aiki ba ne. Gwaggo takan ce in zan yi kyauta in yi ta gaba ɗaya, in kuwa zan sayar in faɗi kuɗina ba tare da rawar murya ba. Wannan shawarar nake bi.

Abin da inji ba zai yi ba shi ne tambaya. Wanda yake saye ba shi ne zai riƙe mariƙin ba, don haka kafin in ɗauki zare sai na ji labarin mai shi. Namiji ne ko mace? Makullin ɗaki ne ko na mota? A jaka take sa shi ko a bakin zane take ɗaurewa?

Ana saura mako guda Babbar Sallah, wani dattijo ya tsaya a gaban tebur ɗina, ya daɗe yana shafa duwatsun Bida ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Baba, wane launi kake so?"

Ya ce, "'Yata, launi ba zai yi mata amfani ba. Idon uwargidana ya yi rauni. Makullanta uku ne, na ɗaki da na akwati da na rumbu, kullum sai ta kira jika ya bambance mata su, kuma abin yana yi mata ciwo."

Na ce ya ba ni kwana biyu. Na zazzage duwatsuna duka a faranti, na rufe idona, na riƙa zaɓa da yatsa. Na ɗaki na sa masa dutse mulmulalle. Na akwati na sa masa dogo mai kama da ƙwallon dabino. Na rumbu kuma na jera masa ƙanana guda uku masu kaushi. Da ya dawo, shi ma ya rufe idonsa, ya shafa su, ya faɗi sunan kowane makulli ba tare da kuskure ba. Ya biya kuɗin da na faɗa bai nemi ragi ba, ya naɗe su a cikin hankici, ya sa a aljihun babbar rigarsa.