Guzurin Aikin Hajji: Tanadi Kafin Tafiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, babu wani buri da muke yawan ji a bakin fatake da ma'aikata kamar burin sauke faralin Hajji. Amma a cikin shekarun da muka yi muna zaune a zaure ana kawo mana tambayoyi, mun lura cewa masu niyya sun yi yawa, masu tanadi kuwa kaɗan ne. Wani tun yana saurayi yake cewa "baɗi in Allah Ya yarda," ga shi furfura ta rufe masa kai, bai taɓa ajiye ko sisin kwabo da sunan wannan tafiya ba.

Allah Maɗaukakin Sarki, a aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana, Ya wajabta Hajji a kan wanda ya sami iko. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad sun fassara ikon da guzuri da abin hawa. Malamanmu na Malikiyya kuwa suka ce shi ne iya isa Makka ba tare da wahala mai tsanani ba, tare da amincin rai da dukiya, har ma mai ƙarfin tafiya a ƙasa wanda yake da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, farali ya hau kansa.

Da wannan fahimta kakanninmu suka yi aiki. Mutum ya tashi daga Kano, ya bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, ya tsaya a gonakin auduga na Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925, ya yi ƙodago damina ɗaya ko biyu, sannan ya nufi Sawakin ya tsallake Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu na Sudan har yau. Guzurinsu shi ne allurar ɗinki, ko askar wanzanci, ko allon karantarwa. Yau kuwa sai fasfo da biza da kujerar jirgi, don haka guzuri ya koma kuɗi, kuɗi kuma ba ya taruwa sai da lissafi.

Kada wani ya ce lissafi yana rage tawakkali. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa mutanen Yaman sun kasance suna fitowa Hajji babu guzuri, suna cewa su masu dogara ga Allah ne, in sun isa Makka sai su koma roƙon mutane. A kan haka ne umarnin yin guzuri ya sauka a aya ta 197 ta Suratul Baƙara. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ma tanadin shekara bakwai ya tsara wa mutanen Masar, ya ce a bar hatsi cikin zangarniyarsa don kada ya lalace.

To, ga lissafin. A 2023 kujerar Hajji a Nijeriya ta kusa naira miliyan 3. Bayan an saki darajar naira a wannan shekarar, sai ga ta a 2025 ta kai kimanin miliyan 8 da dubu 400 ga yawancin jihohin Arewa. Wanda zai tara wannan a shekara biyar, sai ya ajiye naira dubu 140 kowane wata, wato ninki biyu na mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024. Ma'aikaci ya dubi wannan da idon basira. In albashinsa ba zai ɗauka ba, ya tsawaita wa'adin, ya nemi noma ko kiwo a gefe. In duk da haka ya gagara, to Allah bai ɗora masa ba, babu kunya a ciki. Abin kunya shi ne a taɓa dukiyar jama'a don a sami sunan Alhaji. A wajen malamanmu, wanda ya yi Hajji da haram farali ya sauka amma ya saɓa wa Allah. A mazhabar Imamu Ahmad ma bai sauka ba.

Ɗan kasuwa kuma ya kiyaye uwar kuɗi. Mun ga waɗanda suka kwashe jari suka tafi, suka dawo rumfa babu kaya, kafin shekara ta zagayo sun zama 'yan tsaron shagon wasu. Daga riba ake tara guzuri. Kuma tunda takardar naira tana zagwanyewa, ya fi kyau a mai da tanadi abin da yake riƙe daraja, kamar sa, ko hatsi, ko zinariya, ba tare da kusantar kuɗin ruwa ba. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ta buɗe asusun adashin gata tare da Bankin Jaiz a 2020, irin abin da Musulmin Malesiya suka fara tun 1963. Ko ina aka ajiye, a tuna cewa kuɗin Hajji ba ya kuɓuta daga zakka: in ya kai nisabi, wato dinari 20 ko dirhami 200, ya shekara, za a fitar da ɗaya cikin arba'in.

Akwai abubuwa uku da akan manta. Na farko bashi: wanda wa'adinsa ya yi a biya shi tukuna, ko a nemi yardar mai shi, kuma kada a ci sabon bashi don tafiya, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na biyu iyali: a bar musu abinci da kuɗin magani da na makaranta har a dawo. Na uku hadaya: mai tamattu'i yanka ya hau kansa, in bai samu ba ya yi azumi goma, uku a can bakwai a gida. Sau da yawa kuɗin hadayar nan ne yake ƙarewa a kasuwar tsaraba, alhali kuwa dabino da ruwan Zamzam sun isa.

Shawararmu ita ce, kowa ya sami littafi tun wannan wata, ya rubuta abin da yake samu, da abin da yake kashewa, da abin da ake binsa, sannan ya yanke rabon Makka ya fitar da shi ranar da kuɗi ya shigo hannu, kafin biki da suna su cinye. Wanda ajali ya riske shi yana cikin wannan tanadi, muna kyautata zaton Allah zai ba shi ladan niyyarsa.

Allah Ya hore mana halal, Ya kai mu Ɗakinsa, Ya karɓa daga gare mu. Amin.