Zato Ba Hujja Ba Ne: Kira Ga Iyaye Da Malaman Makarantun Gwamnati

Maganar da zan taɓo a wannan wata tana da nauyi a baki, domin irin wadda muka saba rufewa ce saboda kunya. To amma shirun namu yara ne ke biyan kuɗinsa.

A watan Yulin 2025 ɗalibai biyu na makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi a jihar Kano suka rasa rayukansu a hannun 'yan'uwansu ɗalibai. Rahotanni sun ce zarginsu aka yi da luwaɗi. Babu alƙali, babu shaida, babu malami a wurin, sai yara da suka naɗa kansu masu hukunci cikin dare. Iyaye sun kai 'ya'yansu neman ilimi, aka mayar musu da gawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni malamar Islamiyya ce, matsayin addininmu a kan luwaɗi da maɗigo kuwa sananne ne, kuma haka nake karantar da shi. Sai dai addinin da ya hana aikin, shi ne ya hana a jefi mutum da shi ba tare da hujja ba. Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi kamammiya da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Suratul Hujurat kuma ta hana izgili, da laƙabin banza, da mummunan zato, da bin diddigin asirin mutane. Wa ya ba ɗan shekara 16 ikon da ko alƙali ba ya da shi sai da shaida?

Akwai wani yaro da na koyar, mai siririyar murya da sanyin hali. Shi ne babba a ɗakinsu, babu 'ya mace, don haka shi ke taya mahaifiyarsa girki da wanke-wanke. Da safe yana zuwa makarantar gwamnati, da yamma ya zo wurinmu. Sai na lura ya daina ɗaga murya a wajen hadda, alhali ya fi kowa iya karatu. Da na ja shi gefe na lallashe shi, sai ya fashe da kuka. Ashe a can boko ɗan daudu suke kiransa, suna kwaikwayon tafiyarsa, wani malami ma ya taɓa taya su dariya. Laifinsa kawai jin ƙan uwarsa.

Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha cin zali a makaranta a cikin wata guda kafin a tambaye shi.

To mene ne abin yi? Na farko, makarantar gwamnati ta kowa ce, kuma duk yaron da ya shiga ƙofarta amana ne. Dole a rubuta a dokar makaranta cewa duka da laƙabin wulaƙanci laifi ne, ko me ake zargin yaro da shi. Na biyu, a karɓe sanda daga hannun siniyoyi, malamai su riƙa kwana kusa da ɗakunan ɗalibai suna zagayawa. Na uku, a samar da malami ko malama mai riƙon sirri da yaro zai kai wa kukansa, ba a tsayar da shi a gaban asambuli a tozarta shi ba.

Na huɗu, mu bambance al'amura. Idan babban ɗalibi ya tilasta wa ƙarami, wannan fyaɗe ne. Ƙaramin abin tausayi ne, a kai shi asibiti, a sanar da iyayensa da hukuma, kada a rufe don kare sunan makaranta. Idan kuwa yaro ne ya zo da damuwar abin da yake ji a ransa, nasiha da kunnen sauraro yake buƙata, ba bulala da tonon silili ba.

Mu kuma iyaye mata, mu riƙa tambayar 'ya'yanmu idan sun dawo hutu: wa ake tsangwama a ɗakinku? Kai me ka yi da ka gani? Kada mu yi dariya idan sun kwaikwayi wani a gabanmu. Mu halarci taron iyaye da malamai mu tambayi wa ke kwana da yaran. Ɗa na kowa ne, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare su daga yin zalunci da kuma a zalunce su, amin.